Shirun da Ke Tsakiyar Minshari

Assalamu alaikum, malam mai karanta wasiƙu, Allah ya ƙara wa murya lafiya. Ni ne Isiyaku, tsohon manomi a Wad Haddad. Tsoro ne ya sa na rubuto.

Ina da wa, Malam Haruna, mutum mai jiki. Lokacin cirar auduga, in rana ta take, mukan miƙe a rakuba, wato rumfar bakin gona. Minsharinsa sai ka ce injin ban ruwa. Yana cikin yi sai ya yi tsit, mu kuwa mu ce, "Alhamdu lillahi, an kashe inji, a samu a runtsa." Can sai ya zabura yana haki kamar wanda aka tsamo daga kogi, mu yi ta dariya. Ashe numfashinsa ne ke ɗaukewa, muna ta hamdala.

Bara ya faɗi a gona, bai tashi ba. Likita ya ce zuciya ce, ya tambaye mu ko numfashinsa kan tsaya cikin barci. Muka kalli juna.

To, kwanan nan mai ɗakina ta ce, "Malam, kai ma fa injinka ya fara tsayawa." Yanzu ko gado na gani sai gabana ya faɗi.

Don Allah ka tambayo mana likitoci: wane minshari ne na gajiya kawai, wanne ke cin zuciya? Yawan ɗaukewar ake dubawa, ko daɗewarta? Kafin amsa ta iso, na roƙi mai ɗakina in ta ji na yi shiru cikin barci kada ta yi hamdala, ta girgiza ni.