Motar da ba ta turuwa

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa. Baban Zainab ne daga unguwar Arba wa Nus, Alƙahira, mai karatun aji huɗu na firamare amma da bakin 'yan jami'a.

Ranar Juma'a na jawo wa kaina. Dillali ya ba ni wata dalleliyar mota in ɗana, in ta yi mini in ba shi tsohuwar jif ɗina da ciko. Na je salla unguwar Darrasa, na tare motocin mutane yadda muka saba a nan: ka bar ta ba giya ba birki, mai son fita ya tura. Ashe ita wannan da an kashe ta sai ta kulle tayoyinta. Na fito na tarar da ƙarti suna turi, wani dattijo yana ihu, "Motar wane hamshaƙin basha ce?" Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri Baba, ni ma shi nake nema." Har na taya su turin kafin na fito da makulli.

Jif ɗina ko yaro tura ta yake. Masu irin wannan mota, ina kuke ajiye ta? Ku ba ni shawara, don na rantse wa Maman Zainab ba a jif za a kai 'yarmu ɗakin miji ba. Ko ciko ko kaffara, ɗaya sai na biya.