Ramin Bayan Makaranta

A layin shagon kwafin takardu na ji su, wata dattijuwa da wani direban babbar mota.

"Inna, hotunan wa kike kwafa haka?"

"Na 'ya'yanmu da aka kashe lokacin yaƙi. Masu binciken ƙasashen waje zan ba."

"Ba ki ji rediyo ba? Gwamnati ta ƙi sakin kuɗin binciken. Ba za su zo ba."

"To ni zan je musu, ko da zan sayar da awakina. Har bishiya na dasa a kan ramin bayan makaranta inda aka ce an binne su, don kada wurin ya ɓace."

"Ai ba bayan makaranta ba ne, gefen rijiya muka sauke su..."

Direban ya juya zai fita. Ta damƙe hannun rigarsa.

"Ɗana, hoto ba ya magana. Da kai za mu je."