Hutun Kwana Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe, tela ya ajiye kwamfutarsa a teburin mai gyara, naɗe cikin ƙyalle kamar jinjiri.

"Maigida, tun da na sabunta ta, ta daina magana da keken surfanina."

"Wa ya aike ka?"

"Ita ce kullum take roƙo in danna."

"Allah sarki, mai tausayi. Da makullin shago ta roƙa, da ka miƙa. Akwai 'yar manhajar da ke yi musu tafinta, ita da keken. Sabon tsarin bai san da zamanta ba."

"To mayar da ita yadda take. Jibi wata makaranta za ta karɓi riguna arba'in, ko tambari ɗaya ban ɗinka ba."

"Mai sauƙi ne, in ba a wuce kwana goma ba. Yaushe ka danna?"

Tela ya ƙirga, yatsunsa suka ƙare.

"Sha ɗaya. Rufe ta na yi ta huta. Haka muke yi wa keke in ya yi zafi."

"Madalla, likita. Ta huta har ta share tsohon tsarin. Ina faifan da ya zo tare da keken? Manhajar na ciki."

Tela ya zaro shi daga aljihu, duk ya kurje, gefensa fari fat da alli.

"Da shi nake zana wuyan riga."

"Wuyan dai ya yi kyau."

Tela ya naɗe jinjirinsa ya fita cikin yayyafi. Kwana goma sha ɗaya, faifai ɗaya, riguna arba'in, makaranta guda.