Tururuwar Inna a Cikin Ludayi

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Habibu daga Fagam. Wallahi hankalina ba a kwance yake ba.

Yarona watansa huɗu. Da can ko tuwo ba ya bari in tuƙa saboda shan nono. Amma sati guda ke nan, sai ya kama, ya ɗan tsotsa, ya saki yana waige-waige. Ba zazzaɓi, ba gudawa, dariyarsa ma yake yi.

Jiya surukata ta sa na tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki. Tururuwar ba ta fito ba. Ta ce, "Kin gani ko? Nononki ya lalace. Ranar Juma'a zan tafi da shi Zandam a ba shi madarar shanu."

Ban ankara ba sai na ce, "Inna, ko a koko aka jefa ta ai nutsewa za ta yi!" Har yanzu ba ta amsa gaisuwata.

Baban Habibu kuwa ya ƙi sa baki. Don Allah iyaye mata, naku sun taɓa yin haka? In kai shi asibiti Birnin Kudu? Ku taimake ni kafin jibi Juma'a, ni dai ba zan iya miƙa ɗana ba.