Ragon Adda a Bakin Teku

Dikko: Alo? Salamu alaikum, Adda.

Aishatu: Wa alaikumus salam. Dikko ne? Wannan lambar fa? Ina gajiya, ya Kwatano?

Dikko: Lafiya lau. Ya ƙafar Inna?

Aishatu: Da sauƙi.

Dikko: Yara? Shanu?

Aishatu: Duk ƙalau. An yi ruwa wajen Korgom, mu nan Issawane shiru. Ya kasuwa? An saida ragona?

Dikko: Sauran bisashen duk sun shige. Naki na riƙe, tayin bai yi ba.

Aishatu: Madalla. Ka san da shi zan rufe ɗakina da kwano kafin damina.

Dikko: Jiya na tafi teku.

Aishatu: Taku? Takun wa?

Dikko: Teku! Babban ruwan nan. Filaj suke ce ma bakinsa.

Aishatu: Saida bisashe ya kai ka ko buɗe ido?

Dikko: Famfon kasuwa ne ya ɗauke, ragon na ta haki. Na ce ga ruwa can ba mai shi, bari in shayar da shi.

Aishatu: To, ya sha?

Dikko: Ya sunsuna, ya kau da kai. Gishiri ne zalla. Na ce ko na bakin ne ya ɓaci, kamar na tabkinmu. Sai na naɗe wando, na ja shi can ciki.

Aishatu: Kai, Dikko!

Dikko: Ashe ruwan ba ya zama wuri guda. Ya ja baya, ya komo a tsaye, ya fi ni tsawo.

Aishatu: Innalillahi! Alo? Alo!

Dikko: Ina ji, rezon waya ne ya ɗauke. Wasu masunta na jan koma, ɗayansu ya faɗa ya jawo ni ta wuyan riga. Ya danne mini ciki na amayar. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci, dariya kawai yake yi.

Aishatu: Allah ya saka mashi. Ragon fa?

Dikko: Shi da kansa ya fito. Ya fi ni dabara.

Aishatu: Alhamdu lillahi! Yana ina?

Dikko: Adda, wanda ya fiddo ka daga bakin mutuwa, ka tafi ka bar shi hannu banza? Waya da jaka duk ruwa ya ci. Igiyar ragon na danƙa mashi.

Aishatu: Igiyar mi?

Dikko: Ya ƙi, na rantse sai ya karɓa. Ko Baffa da yana da rai haka zai yi.

Aishatu: Baffa da nasa yake kyauta! Shekara guda ina daka ma ragon nan dusa da hannuna! Tashi ka karɓo mini abuna.

Dikko: Mutanen kirki ne. Ni ma suka ba wuƙa, suka ce Musulmi ya yanka. Duk unguwar an ci.

Aishatu: Ka yanka?

Dikko: Kitse har wuya. Wallahi kin iya kiwo.

Aishatu: Dikko, ruwa na sauka ina zan kwana da yara?

Dikko: Wayar ta mai shago ce, ya ce kiredi ya kusa...

Aishatu: Dikko! Alo?