Baƙin Cikin Alhaji 'Yan Ƙauye Ne

A bakin iyakar Jibiya, ana jiran 'yan kwastan su gama bincike, wani Alhaji mai sabuwar Fijo ya tsaya gaban wata tsohuwa mai fura, yana dafe da ciki.

"Inna, nonon nan mai kyau ne?"

"Kindirmo ne. Amma masu Fijo ai ba su shan fura, Alhaji. Mi ya samu cikin?"

"Kwana biyar ban zaga ba. Likita ya ce akwai ƙananan halittu a hanjin kowa, su ke taya shi narka abinci. Wai nawa yunwa ke kashe su."

"Yunwa? Da wanga tumbi?"

"Tun da na samu kwangila, burodi da sardin da lemon kwalba nake ci. Su kuwa gero da kuka da nono suke so."

"Ashe baƙinka 'yan ƙauye ne. Kai ɗan ina ne?"

"Legas nake zaune. To, a Mazanya aka haife ni."

"Na ji a bakinka."

"Dama mini, Inna. Amma kawo bayan mota, an san ni a nan."

"A'a, nan za ka tsuguna ka sha. Likita bai ce a ɓoye ba."