Itacen Suyata da Janaretan Alhaji

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Uwani mai ƙosai daga Takur, nan Dutse.

Kwanan baya Hajiya, matar Alhaji maƙwabcinmu mai gidan bene, ta tara matan layinmu. Ta ce zafin nan da rikicewar damina sauyin yanayi ne, kuma mu masu girki da itace muka jawo shi. Wai kowacce ta sayi gas.

Na yi ta haɗiye maganar, ta ƙi haɗiyuwa. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Itacen da nake suya da shi na darbejiyoyin nan ne da Alhaji ya sa aka sare don a yi wa motocinsa rumfa. Janaretanku kuma wuni yake yana ruri don ɗakunanku su yi sanyi, hayaƙin kuwa ɗakin Innata yake shiga, tari ya hana ta sakat."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Uwani, hassada ke damun ki."

Washegari aka sa kwaɗo a famfonsu na waje, inda duk layin ke ɗiban ruwa. Yanzu matan da suka yi ta zunguri na in yi magana, su ne suka daina gaishe ni.

Ban ce itace ba shi da illa ba, idanuna sun sha hayaƙi. Amma jama'a, ku ba ni shawara: in je in durƙusa in ce ƙarya na yi, don a buɗe mana ruwa?